Famfuna shida a gefen gadon Baba: me suke yi, kuma me ƙararsu take nufi?

Tambaya: Mahaifina yana kwance a sashen kulawa ta musamman, wato ICU, yau kwana huɗu, bayan ciwon huhu ya yi masa tsanani har aka sa masa robar numfashi a baki. A gefen gadonsa an jera wasu ƙananan na'urori guda shida, ɗaya bisa ɗaya, kowace da sirinji ko leda, ga kuma wani allo a samansa mai lambobi kala-kala. Kullum cikin ƙara suke. Wani lokaci nas ta taho da sauri, wani lokaci ko waiwayowa ba ta yi. Yawan na'urorin yana nufin jikin ya yi tsanani ne? In ɗaya ta dame shi da ƙara, zan iya danna mata maɓalli ta yi shiru?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Aikin jinya nake yi, kuma mafi yawan shekaruna a irin wannan ɗaki na yi su, don haka na san irin tsayuwar da kike yi a bakin gadon nan, ido a kan allo, zuciya na dukan uku-uku. Zan fara da tambayarki ta biyu domin ita ce ba ta jira: kada ki danna komai a jikin na'urorin nan, ko da maɓallin da ke sa su shiru ne. Ki kira nas. In kin ji dalilin, ke da kanki za ki riƙa hana sauran 'yan'uwa kai hannu.

Abin da zai rage miki ruɗani shi ne ki raba kayan gefen gadon gida biyu. Akwai masu kallo kawai: allon da ke sama, wayoyin da aka manna masa a ƙirji, da ɗan abin da aka maƙala a yatsa. Ko sun cire, babu abin da ya canja a jikin Baba, mu ne dai muka daina gani. Akwai kuma masu aiki a jikinsa, wato na'urar numfashi da waɗannan shida da kika ƙirga. Famfo muke ce musu, domin aikinsu ke nan, tura ruwa ko magani cikin jijiya a gwargwadon da aka sa musu. In ɗaya ya tsaya, wani abu ya tsaya a jikin mara lafiya.

Kin san ƙarin ruwa na yau da kullum. A rataye leda a sanda, ruwa ya riƙa ɗiga, nas ta murza 'yar tayar da ke jikin robar tana duban agogo. A irin robar da aka fi sa wa manya, ɗigo 20 ne ke yin mililita 1. In ana so lita guda ta shiga cikin awa 8, wato mililita 125 a awa, sai a saita ɗigo kamar 42 a minti. Amma mara lafiya na lanƙwasa hannu gudun ya ragu, a ɗaga sandar ya ƙaru, leda ta kusa ƙarewa ya sake raguwa. Ga wanda ake mayar wa ruwan jiki kawai, wannan ba abin damuwa ba ne.

Magungunan ICU ba sa jure irin wannan hawa da sauka. Ɗauki noradirenalin, maganin da ke matse jijiyoyi don ya ɗaga awon jini idan ya faɗi, kamar yadda yake faruwa in ƙwayoyin cuta sun fi ƙarfin jiki. A wurare da yawa ana haɗa miligiram 4 a sirinji mai mililita 50, sai kowace mililita ta ɗauki maikirogiram 80. Maikirogiram kuwa, ki raba miligiram guda gida dubu, ki ɗauki ɗaya. Mutum mai nauyin kilo 70 da aka rubuta masa maikirogiram 0.1 ga kowane kilo a minti, in an buga lissafin, mililita 5 da 'yan kai zai samu a awa. Cokalin shayi ɗaya ke nan, a raba shi daidai wa daida a kan minti 60. Bai kai ɗigo biyu a minti ba, babu hannun da zai iya riƙe wannan da 'yar taya. Ga shi kuma jiki yana cinye maganin da sauri: cikin minti biyu zuwa uku, rabin abin da ke yawo a jini ya tafi. In famfon ya tsaya, kafin ki gama waige-waigen wanda za ki tambaya lambar jini a allo ta fara gangarowa. In kuma ya afka da yawa a lokaci guda, jinin ya yi sama fiye da kima, bugun zuciya ya rikice.

Famfunan iri biyu za ki fi gani. Akwai mai sirinji, wanda ake kwantar da babban sirinji a cikinsa, wani ƙarfe mai zare irin na noti yana tura bayansa a hankali, hankalin da ido ba ya ganin motsinsa. Shi ake ba magunguna masu ƙarfi da ake bayarwa kaɗan-kaɗan. Akwai mai leda, wanda robar ke bi ta cikin ƙofarsa. A ciki akwai wasu 'yan yatsu a jere da ke matsa robar bi da bi kamar mai tatsa, suna kora ruwan gaba. Shi ne na ruwa mai yawa da magungunan da ake tsarmawa a leda.

Ga mai ciwon huhu da ke kan na'urar numfashi, jerin da aka saba gani bai wuce haka ba. Ɗaya na maganin barci, sau da yawa purofofol, wanda za ki gane shi don fari ne tas. Ɗaya na maganin zafin ciwo, fentanil ko mofin, domin roba a maƙogwaro ba abin wasa ba ce. Ɗaya na noradirenalin. Ɗaya na insulin, kuma kada wannan ya firgita ki, tsananin ciwo kan ɗaga sugan mutum ko da bai taɓa yin ciwon suga ba. Ɗaya na ruwa ko na gishirin jini irin potasiyam, wanda dole sai a hankali don in ya shiga da gudu yana iya tsayar da zuciya. Na shidan kuma na maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kunna shi in lokacinsa ya yi. Kin ga shida sun cika ba tare da an kai ga wani abin tashin hankali ba. Kowane magani da famfonsa ne saboda kowanne ana ƙara shi ko rage shi shi kaɗai, kuma akwai waɗanda in suka haɗu a roba ɗaya sai su daskare ko ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya. Shi ya sa wataƙila kin ga an sa masa wata roba a gefen wuya mai jela uku ko huɗu. Ƙarshenta yana cikin babbar jijiya kusa da zuciya, kowace jela kuma hanya ce mai zaman kanta har zuwa can, magungunan ba sa haɗuwa sai a cikin jini mai gudu.

In kina so ki ga nas ta nutsu, ki kalle ta lokacin da sirinjin noradirenalin ya kusa ƙarewa. A gudun da na ba da misali, sirinji ɗaya awa tara da rabi yake kaiwa, don haka da wuya dare ya wuce ba a canja ba. Tun kafin famfon ya yi gargaɗi ta riga ta haɗa sabo, ta rubuta sunan maganin da ƙarfinsa da lokaci ta manna a jiki, ta kira abokiyar aiki ta duba kwalbar da lissafin. Ga mara lafiyan da jininsa bai da ƙwari, a wurare da yawa akan ɗora sabon sirinjin a famfo na biyu, a kunna shi tare da tsohon, a tsura wa allo ido. Sai an ga lambar ta ɗan motsa sama, alamar sabon ya iso jijiya, sannan a rufe tsohon. Ana wannan wahalar ne domin famfon sirinji in an kunna shi ba ya fara turawa nan take, sai ƙarfen ya cinye 'yar tazarar da ke tsakaninsa da bayan sirinji, kuma a ƙaramin gudu wannan kan ɗauki mintuna. In kin yi mata magana a wannan lokaci ba ta amsa ba, ba wulaƙanci ba ne, ki ba ta minti biyar.

To, ƙara. Wadda aka fi ji daga famfo ita ce ta toshewa. Baba ya lanƙwasa gwiwar hannu, ko an juya shi ya danne robar, ko an manta wani ɗan maƙulli a rufe, ko jini ya daskare a bakin kanula, wato 'yar siririyar robar da ake sa wa cikin jijiya. Famfon yana turawa, ruwa bai da wurin zuwa, matsi ya taru, sai ya tsaya ya yi kuka. Akwai abu biyu a nan da ba kowa ya sani ba. Na farko, in gudun ƙarami ne, matsin yana daɗewa kafin ya taru, don haka lokacin da kika ji ƙarar maganin ya ɗan jima da daina shiga. Na biyu, wanda ya fi haɗari: duk maganin da aka tura bai shiga ba yana nan a matse cikin robar, don roba tana ɗan buɗewa. Wanda ya ga lanƙwasar ya miƙar da ita da kyakkyawar niyya, sai abin da ya taru ya afka jijiya a tashi ɗaya. In ƙarin ruwa ne na yau da kullum ba komai. In noradirenalin ne ko insulin ko fentanil, magana ta canja. Sababbin famfuna sukan ɗan ja da baya da kansu don rage matsin, amma duk da haka nas takan fara sauke shi tukuna kafin ta buɗe hanya.

Na taɓa jinyar wata dattijuwa da ɗanta ba ya barin bakin gadonta in dai lokacin ziyara ne. Ina gado na kusa ina taya juya wani mara lafiya, famfo ya fara 'yar ƙarar gargaɗin cewa sirinji ya kusa ƙarewa. Na ji, na kuma san ina da sauran mintuna. Sai na ji shiru, na ɗauka wata cikinmu ce ta danna. Bayan ɗan lokaci allon ne ya ɗauki kuka, awon jininta yana faɗuwa a kan idona. Ashe ɗan nata ne ya kai hannu, maɓallin da ya ɗauka na shiru ne kuwa na tsayarwa ne. Muka kunna, jini ya dawo, Allah Ya kiyaye. Da na tambaye shi, cikin rawar murya ya ce, "Sista, ba na so ya tashe ta ne." Ban iya yi masa faɗa ba. Laifin namu ne da ba mu gaya masa tun ranar farko ba, kuma tun daga ranar ba na barin ɗan jinya ya zauna ban nuna masa abin da ba a taɓawa ba.

Sauran ƙararrakin famfo ba su da wuyar fahimta. Akwai ta iska a cikin roba, akwai ta ƙarewar magani, akwai ta batir in an manta ba a mayar da waya soket ba bayan an dawo daga ɗaukar hoto, akwai ta ƙofa a buɗe. Maganar iska mutane sun fi jin tsoro. Ɗan ƙaramin kumfa guda da ya wuce cikin jijiyar babba, huhu ne ke tace shi, galibi ba ya yin komai. Wanda muke tsoro shi ne jelar robar wuya ta zauna a buɗe, domin mutum na jan numfashi iska na iya bin ta. In kin ga wata jela ta rabu da abin da aka jona mata, ko jini na fita daga wata mahaɗa, wannan a ɗaga murya a kira mu ne.

Abin da nake so ki riƙe game da famfo shi ne bai san Baba ba, bai ma san abin da ke cikin sirinjin ba. Lambar da aka danna masa ita yake bi. In an so a rubuta 5.0 yatsa ya tsallake ɗigon ya zama 50, zai tura ninki goma ba tare da ya yi ko tari ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta karɓi rahotanni kusan 56,000 na matsalolin da suka shafi irin waɗannan famfuna tsakanin 2005 da 2009, wasu daga lahanin na'ura, wasu daga yadda aka ƙera maɓallai da allon har suke jawo kuskure. Famfunan zamani da yawa suna da jerin magunguna a cikinsu, kowanne da iyakarsa: in ka wuce iyaka ta farko ya tambaye ka ko da gaske kake, in ka kai ta biyu ya ƙi sam. Wannan ya taimaka ƙwarai. Amma in sirinjin da aka ɗora ba shi ne wanda aka zaɓa a jerin ba, famfon ba zai gane ba. Shi ya sa za ki ga a lokacin miƙa aiki nas biyu sun tsaya suna bin kowace roba da yatsa, daga sirinji har zuwa inda ta shiga jiki, suna karanta lambobi da baki. A ganina babu wani abu a ɗakin nan da ya kai wannan bin robar da yatsa kare rai.

Haka kuma famfo bai san ko maganin cikin jijiya yake tafiya ko ƙarƙashin fata ba. Kanular hannu tana iya zamewa daga jijiya, ruwa ya riƙa taruwa a nama, famfon kuwa yana ta aikinsa lafiya lau don naman yana karɓa. Noradirenalin in ya zuba a nama yana matse ƙananan jijiyoyin wurin har fata ta mutu, wannan na cikin dalilan da aka fi so a bi da shi ta robar wuya. A nan idonki yana da amfani. In kin ga wurin kanula ya kumbura, ko ya yi sanyi, ko launinsa ya canja, ko filastar ta jiƙe, ki faɗa. Kuma kada a matsar da sandar famfunan ko a ɗaga ta don a samu wurin zama, domin ɗaga famfon sirinji sama yana iya sa ɗan magani ya kwarara, sauke shi ƙasa kuma ya sa ya ɗan tsaya.

Mu koma kan allon. Layin sama mai tsalle-tsalle na lantarkin zuciya ne, lambar gefensa bugun zuciya a minti. In waya ɗaya ta saki saboda gumi, layin yakan haukace ko ya miƙe sambal, kuma na sha ganin 'yan'uwa sun fasa kuka a kan takardar manne da ta ɓare. Mu mara lafiyan muke fara duba, sannan allo.

Ɗan abin yatsa yana auna yadda jini ya ɗauki oksijin. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970: a haska haske iri biyu ta cikin yatsa, ja da wani da ido ba ya gani, a auna nawa jini ya shanye a kowane bugu. Yatsa mai sanyi, motsi, jan farce, ko jini da ya yi ƙasa sosai duk suna rikita shi. Akwai kuma abin da ya kamata duk mai duhun fata ya sani. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun duba lokutan da abin yatsa ya nuna 92 zuwa 96, suka gwada da jinin da aka ɗiba. A baƙar fata, kusan kashi 12 cikin 100 na gwaje-gwajen sun nuna ainihin oksijin ɗin bai kai 88 ba, a farar fata kuwa bai kai kashi 4 ba. Wato na'urar takan ƙara wa mai duhun fata maki. Saboda haka in kin ga ana ɗibar jinin Baba ana kai wa wata na'ura sau da yawa a rana alhali lambar yatsa tana da kyau, ba ɓarnar jini ake yi ba.

Jinin kuwa galibi daga wata 'yar kanula ake ɗiba a wuyan hannu, wadda aka sa a jijiya mai harbawa. Ita ce ke ba da awon jini bugu bayan bugu, jan layin nan da ke allo a yawancin na'urori. Ba a sa magani ta cikinta ko kaɗan. Za ki ga lamba biyu da kika saba da su, ta sama da ta ƙasa, sai ta uku a gefe. Ta ukun ita ce matsakaicin matsi, kuma ita muke bi da noradirenalin. Ga yawancin masu irin ciwon Baba, 65 ko sama da haka ake nema, domin ƙoda da ƙwaƙwalwa su samu jini. Ma'aunin wannan layi wani ɗan abu ne da ake ɗaurawa daidai da tsayin zuciya. In ya sauka ko ya hau da santimita 10, lambar takan kauce da kusan 7 ko 8. Wanda ya danna maɓallin gado ya ɗaga shi don Baba ya ji daɗi yana iya sa allo ya yi ƙarya, a canja magani a kan ƙaryar.

Kin ce wani lokaci nas ba ta waiwayowa. Ƙararrakin suna da daraja hawa-hawa, kowace da sautinta da launinta, ja ta gaggawa, rawaya ta gargaɗi, sai ta sanarwa kawai. Kunnen wanda ya daɗe a ɗakin yana rarrabe su kamar yadda uwa ke rarrabe kukan yunwa da na ciwo, kuma sau da yawa akwai allo a teburin ma'aikata da ke nuna duk gadajen. Sai dai ba zan wanke mu tas ba. Mafi yawan ƙararrakin ba sa bukatar a yi komai, kuma kunnen da ya sha ƙara dare da rana yana iya gajiya har ya ƙyale ta gaske. Matsala ce da aka sani a asibitocin duniya. Don haka in ƙara ta daɗe ba wanda ya zo, ki je ki faɗa, ba rashin kunya ba ne. Nas ta gari ba ta jin haushin wannan.

Na'urar numfashi ita ce babbar da ke gefen kai, mai manyan tiyo biyu. Asalin wannan sashe ma daga numfashi ya faro. A 1952 annobar shan inna ta afka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, mutane na mutuwa don naman numfashinsu ya shanye. Wani likitan sa barci, Bjorn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa roba a riƙa hura iska da jakar roba, ɗaliban likitanci suka riƙa karɓa-karɓa suna matsa jaka da hannu dare da rana har makonni. A shekarar da ta biyo ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne ICU na farko. Har yau za ki ga irin wannan jaka a rataye a kan gadon Baba, don in na'ura ta samu matsala hannu ake komawa.

A allonta lamba biyu sun ishe ki. Ɗaya kason oksijin: iskar da muke shaƙa kashi 21 ce cikin 100, na'urar tana iya bayarwa har 100, kuma saukowar lambar daga 80 zuwa 60 zuwa 40 labari ne mai daɗi. Ɗayar kuma ɗan matsin da ake bari a huhu bayan fitar numfashi don kada ƙananan jakunkunan iska su manne, galibi daga 5 ake farawa. Yawan iskar kowane numfashi kuwa da gangan ake ƙaranta shi. Wani babban gwaji da aka buga a 2000 ya nuna cewa a masu mummunan kumburin huhu, ba da mililita 6 ga kowane kilo maimakon 12 ya rage mutuwa daga kusan kashi 40 zuwa 31. Kilon ma ba na sikeli ba ne, daga tsayin mutum ake lissafa shi, don huhu ba ya ƙaruwa da ƙiba. In Baba ya yi tari, ko ya ciji robar, ko majina ta taru, na'urar za ta yi kukan matsi ya yi yawa, a zo a zuƙe majinar. Wanda ba a jira shi ne in tiyo ya rabu. Kan gadon kuma a ɗage ake barinsa kamar digiri 30 zuwa 45 don kada abin ciki ya gangaro huhu.

Ragowar kayan kaɗan ne. Robar hanci tana zuwa ciki ne, da nata famfon na abinci, kuma a wurare da yawa bakinta daban ne, launin shunayya, don kada a taɓa jona ta da jijiya. Katifar da kike ji tana huci tana sauya inda ke ɗaukar nauyin jiki ne saboda gyambon kwanciya. Jakar fitsari, wadda kowa ke kau da kai daga gare ta, tana cikin abubuwan da muka fi dubawa. Kowace awa muke aunawa, muna neman aƙalla rabin mililita ga kowane kilo, wato kamar 35 a awa ga mai kilo 70, domin ƙoda ce ke fara nuna ko jini yana isa gaɓoɓi. A bar ta a ƙasa da mara kullum, kada a ɗora ta a gado.

Yanzu tambayarki ta farko. Ƙirga famfuna ba zai gaya miki halin da ake ciki ba. Wani yana da bakwai yana samun sauƙi, wani yana da uku jikin na ƙara nauyi. Inda lambobin suka dosa shi ne labarin. Gobe in kin shiga, ki tambayi nas ɗinsa: noradirenalin nawa yake a yau, jiya nawa ne? An ƙara wani maganin ɗaga jini na biyu, ko an cire? Oksijin kashi nawa? Fitsari yana zuwa? An fara rage maganin barci? A wurare da yawa akan sassauta shi kowace rana don a ga yadda mara lafiya zai farka, don haka in kin tarar yana motsi yana yamutsa fuska, ki tambaya kafin ki tsorata. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta amsoshin da kwanan wata, domin rana ɗaya takan yi sama ta yi ƙasa, sai an jera kwana biyu ko uku ake ganin hanya. Fassarar abin da suke nufi ga Baba kuwa, likitan da ke duba shi za ki nemi ya zauna da ku.

Ki wanke hannu kafin ki taɓa shi da bayan kin taɓa. Ki tambayi nas wane gefe za ki tsaya da wane hannu za ki riƙe, galibi wanda babu kanular wuyan hannu. Ki yi masa magana da muryarki ta gida, don masu maganin barci da yawa suna ji, wasu ma sukan tuna bayan sun farka. Fitilar ɗakin nan da ƙararsa ba sa barin mutum ya bambance dare da rana, ruɗewa kuma tana yawan kama marasa lafiya a ICU, saboda haka duk zuwan da kika yi ki gaya masa ko ke wace ce, yau wace rana ce, ƙarfe nawa, da inda yake. In yana sa tabarau ko abin ƙara ji, ki kawo su ki ba nas ta ajiye masa a kusa kafin ranar da za a fara tashinsa.